Harajin Gidaje Da Ƙuri'ar Masu Biya: Tsarin Da Turawan Mulki Suka Kafa A Ikko

Tun ranar 11 ga watan Yuli, 1924 ta cika shekara ɗari, watau ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, akasarin maganar da ake yi a kan kuɗin da ke fitowa daga Abuja take. Ba a cika taɓo ɗaya ɓangaren ba, watau kuɗin da ƙaramar hukuma za ta tara da kanta, alhali kuwa shi ne ya fi shafar ɗan kasuwa, domin a ƙofar kantinsa ko ɗakin ajiyar kayansa ake liƙa takardar neman biya. Babba daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe shi ne harajin gidaje, wanda ake ɗora wa gini gwargwadon ƙimarsa. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ƙiyasta gidajen jama'a domin wannan haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, bisa abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara.

Wannan haraji ya daɗe a Nijeriya. A Ikko aka fara gwada shi sosai, fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma Turawan mulkin mallaka sun zo da shi ne haɗe da wani abu wanda yau an raba su, watau 'yancin zaɓen majalisar gari. Kundin da aka rubuta ƙimar gidaje a ciki, daga cikinsa ake fitar da sunayen masu jefa ƙuri'a. Sanin yadda aka ɗaura su, da yadda igiyar ta kwance daga baya, zai taimaka wa mai biya ya gane takardar da ake kawo masa a yau.

Asalin tsarin

Daga Ingila aka kwaso shi. A 1601, zamanin Sarauniya Alsabatu ta Ɗaya, aka yi dokar taimakon matalauta wadda ta ba kowace gunduma ikon karɓar kuɗi daga mazauna gidaje da masu gonaki domin ciyar da gajiyayyu. Sannu a hankali sai aka riƙa amfani da wannan hanya wajen biyan aikin hanyoyi, da 'yan sanda, da magudanun ruwa. A 1835 dokar majalisun birane ta ba maza masu biyan wannan haraji ikon zaɓen kansilolinsu, sa'an nan a 1836 wata doka ta fayyace cewa hayar shekara ita ce ma'auni. Saboda haka jami'an da aka turo Afirka ta Yamma sun taso ne da fahimtar cewa majalisar gari ƙungiya ce ta masu biya, su ke tara kuɗin, su kuma ke zaɓen masu kashe shi. Wanda ba shi da gida, ko gidan da yake ciki bai kai wata ƙima ba, ba a ɗauke shi yana da bakin magana ba.

Yadda ake lissafi

Mataki na farko shi ne ƙiyasi. Jami'in ƙiyasi zai bi unguwa gida-gida, ya rubuta sunan mai gida da na mazaunin ciki, da girman ginin, da irin kayan da aka yi shi da su, sa'an nan ya yanka masa ƙima. Tambayar da yake amsawa guda ce: in da za a ba da wannan gida haya shekara guda, nawa mai hankali zai yarda ya biya? Ko da mai gida ne da kansa ke zaune ciki, bai taɓa karɓar kwabo na haya ba, haka za a ƙiyasta masa, ta hanyar kwatanta shi da gidajen maƙwabta da ke hannun 'yan haya. Bisa tsarin Ingila, ana cire abin da za a kashe wajen gyara da inshora, abin da ya rage shi ne ƙimar da haraji zai hau kanta. Gine-ginen da ba a saba ba da su haya ba, kamar masana'anta ko tashar jirgin ruwa, akan duba kuɗin da za a kashe a sāke gina irinsu, a ɗauki wani kaso nasa a matsayin hayar shekara.

Mataki na biyu shi ne yanka kason da za a karɓa, kuma a nan ne tsarin ya bambanta da sauran haraji. Majalisa ce za ta fara tsara kasafin kuɗinta na shekara, ta cire abin da take sa ran samu daga kasuwanni da lasisi da tallafin gwamnati, sa'an nan ta raba giɓin da ya rage a kan jimlar ƙimar gidajen gari.

Alal misali, a ƙaddara giɓin ya kai fam 30,000, jimlar ƙimar gidajen gari kuwa fam 300,000. Ke nan kashi ɗaya cikin goma ake bukata. Tun da sule 20 ke cikin fam guda, sai a sanar da cewa harajin bana sule biyu ne a kan kowace fam. Attajirin da aka ƙiyasta hayar gidansa fam 60, aka cire masa fam 10 na gyara, saura fam 50, zai biya sule 100, watau fam biyar. Mai ɗan gidan da aka yanka wa fam biyar zai biya sule goma. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, amma sun nuna abu biyu. Duk wanda ya san ƙimar gidansa, ya kuma ji kason da aka sanar, zai iya lissafa abin da ake bin sa ba tare da ya tambayi kowa ba. Kuma duk gidan da aka rage wa ƙima don alfarma, maƙwabta ne za su cike gurbinsa, domin giɓin kasafin bai ragu ba. Wannan ya sa kowane mai biya ke da dalilin leƙa shafin maƙwabcinsa.

An kuwa ba shi damar leƙawa. Ƙa'idar irin waɗannan dokoki ita ce a ajiye kundin a ofis inda kowa zai iya dubawa, a buga sanarwa cikin Gazet, jaridar gwamnati, a kuma ba da wa'adi domin wanda bai yarda da ƙimar da aka yanka masa ba ya kai ƙara. In wa'adin ya wuce, ƙimar ta zauna. Wanda ya ƙi biya, ana iya kai shi gaban majistare a sami izinin kama kayansa a yi gwanjonsu. Akan keɓe masallatai da coci-coci da maƙabartu. Gine-ginen gwamnati ma ba a ɗora musu, sai dai gwamnati ta ba da wani abu a madadin haraji, gwargwadon yadda ta ga dama, wanda a gari irin Ikko, inda manyan gine-gine da yawa nata ne, ba ƙaramin rangwame ta yi wa kanta ba.

Masana tattalin arziki suna yabon wannan haraji domin gini ba ya gudu. Ɗan kasuwa na iya ɓoye ribarsa, makiyayi na iya ƙetare iyaka da shanunsa in lokacin jangali ya zo, amma bene yana nan inda aka gina shi. Aibinsa kuma daga nan ya fito. Kuɗin kwastan yana ɓuya cikin farashin atamfa da gishiri, mai saye bai san ya biya ba. Harajin gida kuwa da sunan mutum yake zuwa, a dunƙule, a rana ɗaya, ko an yi ciniki a wannan wata ko ba a yi ba.

Rigimar kuɗin ruwa

Mutanen Ikko sun nuna wa Turawa haka tun da wuri. A 1908 Gwamna Walter Egerton ya kawo shirin jawo ruwan famfo daga Iju, a kuma ɗora wa masu gidaje kuɗinsa. Jama'a suka ce suna da rijiyoyinsu, kuma Turawa ne za su fi cin moriyar famfon, don haka su ya kamata su biya. Dubban mutane suka yi zanga-zanga zuwa gidan gwamna, aka rufe kasuwanni. A wannan shekara ce likitoci biyu, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiyar People's Union, wadda ake lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Ikko, kuma yaƙi da kuɗin ruwa ne ya haife ta.

An buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju a 1915, zamanin Gwamna Lugga, maganar biya kuma ta sāke tasowa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnati ta ɗauki adawa a irin wannan lokaci a matsayin neman tayar da fitina, shugabannin People's Union suka sassauta, daga nan kuma farin jininsu ya dushe. Sarkin Ikko, Eshugbayi Eleko, yana ɓangaren masu ƙin biya. Rigimar ta shiga har cikin Babban Masallacin Ikko, inda Liman Buraima ya goyi bayan gwamnati, jama'a masu yawa kuma suka juya masa baya, aka daɗe ana shari'a da jayayya a kan limanci da riƙon masallacin. A ƙarshe dai an karɓi kuɗin ruwan. Sai dai gwamnati ta fahimci cewa karɓar kuɗi kai tsaye daga hannun mutanen gari, ba tare da wani nasu a wurin da ake yanke shawara ba, tsadarsa ta fi ta famfon.

Kujeru uku

Dokar Garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwan da ke ƙarƙashin ikon Turawa kai tsaye zuwa aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, ita ce kuma aka ba Majalisar Gari mai ikon kula da tsafta, da kasuwanni, da hanyoyi, da karɓar haraji a kan gidaje. Da farko gwamna ne ke naɗa dukkan wakilanta. A watan Mayu, 1919, aka yi gyara aka ba da kujeru uku na zaɓe, ranar 29 ga Maris, 1920 kuma aka jefa ƙuri'a. Shi ne zaɓe na farko irin na zamani a tarihin Nijeriya, kuma a kan majalisar da ke karɓar harajin gidaje aka yi shi. Maza kaɗai ke da ƙuri'a, su ma sai waɗanda gidajensu suka kai ƙimar da doka ta yanka. Wakilan da gwamna ya naɗa su ne masu rinjaye, saboda haka zaɓaɓɓun uku suna iya yin magana a rubuta, amma ba su iya hana kasafi wucewa.

Tsarin Mulkin Clifford na 1922 ya ɗauki wannan ma'auni na dukiya ya kai shi Majalisar Dokoki ta ƙasa, inda aka ba Ikko kujeru uku na zaɓe, Kalaba kuma guda. A nan kuɗin shiga aka duba: sai namiji baligi mai samun fam 100 a shekara, wanda ya yi wata 12 yana zaune a garin. A zaɓen ranar 20 ga Satumba, 1923, kimanin mutum 4,000 ne suka yi rajista a Ikko, garin da ƙidayar 1921 ta nuna yana da mutane kusan 100,000. Jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay ta lashe kujerun Ikko uku, ta kuma ci gaba da riƙe su, tare da na Majalisar Gari, har 1938 da ƙungiyar matasa ta NYM ta karɓe. Tsarin Mulkin Richards na 1946 ya sauko da sharaɗin zuwa fam 50.

Hujjar da aka kafa wannan ƙa'ida a kanta ita ce mai biya shi ya kamata ya yi zaɓe. Amma ko a bisa wannan hujja lissafin bai cika ba. Mai gidan da aka ɗora wa haraji yakan ƙara shi cikin kuɗin haya, musamman a gari mai cunkoso irin tsibirin Ikko inda ɗan haya ba shi da wurin komawa. Leburan tashar jirgin ruwa da ke kwana ɗaki guda da 'yan'uwansa yana biyan harajin ke nan a fakaice, ba shi kuwa da ƙuri'a. Matan kasuwa, waɗanda kuɗin rumfunansu ke shiga asusun majalisa, su ma ba su da ita. Irin wannan ƙorafi ne ya fito fili a Abeokuta, inda haraji na kai ne aka ɗora wa mata, har ƙungiyarsu a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti ta tilasta wa Alake Ademola sauka daga gadon sarauta a watan Janairu, 1949.

A Arewa hanyar ta bambanta. Kano da Kaduna da Zariya suna cikin garuruwan aji na biyu, inda Baturen da ke riƙe da gari yake da kwamitin ba da shawara kawai, ikonsa kuma bai wuce unguwannin Turawa da kantunan kamfanoni da wuraren baƙi ba. Cikin birni da ƙauyuka suna hannun En'e, wadda ke tara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, bisa dokar kuɗin shiga ta 1906, a zuba a Baitulmali. Mutum da gonarsa da sana'arsa da dabbobinsa ake ƙiyastawa. Ba a gina kundin hayar gidaje irin na Ikko ba, ba a kuma ɗaura haraji da ƙuri'a ba. Ko Sabon Garin Kano, da ke ƙarƙashin Baturen gari tun farko, an mai da shi hannun En'e a 1940. Wannan tarihi na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu harajin gidaje bai yi saiwa a biranen Arewa kamar yadda ya yi a Ikko ba.

Rabuwar kundi da akwatin zaɓe

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Sakataren Ƙasashen Mallaka, Arthur Creech Jones, ya aika wa gwamnonin Afirka takarda a 1947 yana neman a kafa ƙananan hukumomi na zaɓe. Jihar Gabas ta yi dokarta a 1950, ta Yamma a 1952, Arewa kuma ta yi Dokar En'e ta 1954. A Ikko, dokar 1950 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, mai gida da ɗan haya, aka zaɓi kansiloli 24, Dokta Ibiyinka Olorun-Nimbe kuma ya zama Magajin Gari na farko. Gyara ne da ya wajaba, ya ma makara. Amma ya zo da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. A dā mai gida yana da dalilin son ganin sunansa cikin kundin ƙima, domin ta nan yake samun ƙuri'a. Daga 1950 kundin ya zama na biya zalla, kansila kuma ya gane cewa sabunta ƙimar gidaje hanya ce ta ɓata wa masu zaɓensa rai.

Kuɗin man fetur ya ƙarasa abin da ya rage. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ba su kaso daga asusun tarayya, ya kuma ambaci harajin gidaje cikin hanyoyin samun kuɗinsu, amma shugaban da kasonsa ke zuwa kowane wata ba shi da dalilin ɗaukar ma'aikatan ƙiyasi su bi rana gida-gida. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, ba tare da wani haraji na gida mai ƙarfi ya maye gurbinsu ba. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta sāke jera harajin gidaje cikin abin da ƙaramar hukuma za ta karɓa. A 2001 Jihar Legas ta haɗe shi da kuɗin hayar ƙasa da kuɗin raya unguwa ya zama caji guda wanda jiha ke karɓa daga mai gida, ta kuma koma auna darajar fili da ginin a kasuwa a maimakon hayar shekara. Da aka sabunta dokar a 2018 kuɗin ya yi tsalle, 'yan kasuwa da lauyoyi suka yi ca, gwamnati ta rage, aka sāke dokar a 2020. Ingila kanta ta jefar da tsohon tsarin ga gidajen zama a 1990 ta koma harajin kai, abin da ya jawo tarzoma ya kuma taimaka wajen faɗuwar Margaret Thatcher, sa'an nan a 1993 aka dawo da haraji a kan gidaje ta wata siga. Kantuna da masana'antu a can har yanzu bisa hayar shekara ake ƙiyasta su.

Tsallen da aka gani a Legas a 2018 ciwo ne na tsohon kundi, kuma hauhawar farashi ke kawo shi. A ɗauka an ƙiyasta hayar wani kanti Naira 100,000 shekaru da suka wuce, ana karɓar kashi goma cikin ɗari, watau Naira 10,000. In hayar ta kai Naira miliyan ɗaya a yau, ba a kuwa taɓa kundin ba, abin da hukuma ke samu ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Maƙwabcinsa da ya gama gini bana, aka ƙiyasta shi da farashin yau, zai biya Naira 100,000 a kan kanti iri ɗaya. Ranar da aka ce za a daidaita, na farkon zai ga an ninka masa sau goma a dare ɗaya. Hukumar da ta ji tsoron wannan rana takan bar kundin gaba ɗaya ta koma yanka kuɗi da ka, ko ta ba 'yan kwangila karɓa, daga nan kuma abin ya zama ciniki a bakin ƙofa, wanda ya iya magana ya biya kaɗan.

Ɗan kasuwar da aka kawo wa takardar harajin gini yana da tambayoyin da tsohon tsarin ya tanadi amsarsu, dokokin jihohi da dama kuma sun gāje su. Wace ƙima aka yanka wa ginin, a wace shekara, kuma a ina kundin yake? Kashi nawa aka sanar na bana, a ƙarƙashin wace doka ta Majalisar Jiha? Ya kamata kuma ya bambanta wannan haraji da kuɗin hayar ƙasa, wanda ake biyan gwamnatin jiha a kan takardar mallakar fili bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, domin biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan sai inda doka ta haɗe su. In haya yake yi, yarjejeniyarsa da mai gida ta faɗi a rubuce wanda zai biya, tun da wasu dokokin mazaunin gini suke bi, wasu kuma mai shi. In kuwa yana ganin an yi masa tsada, wa'adin kai ƙara gajere ne, kuma yawanci daga ranar da aka miƙa takardar yake fara ƙirguwa, don haka a rubuta ranar a jikinta tun mai kawowa bai bar ƙofar kanti ba.